Lafiya Uwar Jiki: Iyakar Abin Da Magani Ke Yi Wa Mai Gigin Tsufa

Idan dattijo ya fara maimaita tambaya guda sau biyar cikin sa'a ɗaya, ko ya fita masallacin ƙofar gida ya kasa gane hanyar komowa, akan ce gigin tsufa ne, a kau da kai. In kuwa tsohuwa ce marar gata, a wasu wuraren har maita akan laƙaba mata. Alhali sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda wani likitan Jamus mai suna Alois Alzheimer ya fara bayyanawa cikin 1906, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa.

Har wa yau ba a sami maganin da ke warkar da shi ba. Duk wanda ya ce yana da shi cikin kwalba, aljihun jama'a yake hari. Abin da ke akwai shi ne na sassautawa. Donepezil, wanda aka amince da shi a Amurka cikin 1996, da 'yan'uwansa rivastigmine da galantamine, aikinsu hana saurin lalacewar wani sinadari da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Wasu majiyyata sukan ɗan dawo hayyacinsu na wani lokaci, wasu kuma sai tashin zuciya da gudawa. In ciwon ya yi nisa, likita kan ba da memantine.

Sababbin magunguna biyu, lecanemab cikin 2023 da donanemab cikin 2024, sun sami cikakken izini a Amurka. A farkon ciwo kawai ake ba da su. Suna rage masa gudu kaɗan, amma sukan jawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, ga shi kuma farashin da aka fara sa wa lecanemab dala 26,500 ne a shekara. Wannan ba hanyar talaka ba ce.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne a kai dattijo asibitin koyarwa, ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna, Kware ko Maiduguri, a auna shi tukuna. Ƙarancin bitamin B12, da ciwon mafitsara, da matsanancin baƙin ciki duk suna iya ruɗa tsoho, kuma waɗannan suna jin magani.

Babban haɗari shi ne sayo ƙwayar barci a kemis don a kwantar da shi a huta. Irin magungunan da ake ba masu taɓin hankali an tabbatar suna ƙara wa waɗannan tsofaffi haɗarin shanyewar ɓarin jiki, har da mutuwa. Kafin a ce ya fitini mutane, a duba ko haƙori ke masa ciwo, ko ya kwana uku bai zaga ba, domin ba ya iya faɗa.

Sauran jiyyar a gida take. A tsayar masa da lokacin ci da na kwanciya, kada a riƙa sauya masa ɗaki, a kunna fitila tun kafin almuru, lokacin da ruɗewa ta fi tsananta. In ya nemi mahaifiyarsa wadda ta daɗe da rasuwa, gardama ba ta da amfani, sai sabunta masa makoki. Gara a tambaye shi labarinta. A ɗinka masa takarda mai sunansa da unguwarsa a aljihu. Kuma tun da yawanci 'ya guda ko suruka ake bar wa wannan ɗawainiya dare da rana, ya kamata 'yan'uwa maza su zauna su raba kwanaki da kuɗin magani a rubuce.