Ladabin Tsoro Ba Ladabi Ba Ne

Makon jiya na raka wani Alhaji asibiti a nan Guangzhou. Abokin kasuwancin maigidana ne, ya zo saro kaya daga Kantin Kwari, sai ciwon sukari ya taso masa, ƙafa ta kumbura. Duk Bahaushen da ciwo ya kama tsakanin Xiaobei da Sanyuanli lambata ake ba shi, a ce "kira Sista." Ba ni da lasisin aiki a ƙasar nan, rakiya kawai nake yi, ina tafinta da ɗan Sinancin da na tsinta.

An ce ya ajiye kuɗi kafin a ba shi gado, ya ajiye babu musu. An ce ya jira, ya jira. Sai wata yarinya nas, ba za ta wuce sa'ar ɗiyata ba, ta zo sa masa ƙarin ruwa. Ta soka, jijiya ta gudu. Ta sake sokawa, ta sake gudu. Sai a na uku ta samu. Alhaji yana ta murmushi, har da gode mata da yarensu.

Da ta fita na ce, "Alhaji, da a gida ne fa?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, ai nan ba gida ba ne. Ka ɗaga murya su soke maka biza."

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Ashe mun iya. Ashe Bahaushe ya san yadda ake yi wa ma'aikaciyar jinya magana a hankali, sai dai yana ajiye abin ne sai ya ga inda za a hukunta shi.

Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin jinya a wani asibitin gwamnati a Kano kafin mu taho. Na sha kwana mu biyu rak a ɗaki mai gado sama da talatin, an ɗauke wuta, ina neman jijiyar yaro da fitilar waya a baki. A irin wannan dare wani magidanci ya kwaɗa wa abokiyar aikina mari saboda babu iskar oksijin da za a sa wa mahaifiyarsa. Ita ce ta sayar da tukunyar? Ita ke rubuta kasafin kuɗi? Washegari dattawa suka zo ba da haƙuri, aka ce zafin ciwo ne, magana ta mutu. Ita kuwa ta wanke fuska ta koma ta juya mahaifiyar tasa don kada bayanta ya yi gyambo.

Na san abin da wasunku za su ce: nas-nas ɗin gida ba su da tarbiyya, suna yi wa mata tsawa a ɗakin haihuwa. Gaskiya ne, akwai su, na yi aiki da su, kuma ban taɓa kare mai zagin mace tana naƙuda ba. Wadda ta yi haka a kai ƙararta, a hukunta ta. Amma ku ɗauki yarinyar nan Basiniya da Alhaji ya yi wa murmushi, ku ba ta gado talatin, babu wuta, babu safar hannu, albashi bai kai ƙarshen wata, dangi goma a kanta kowa na ihu, mu ga kwana nawa fara'arta za ta yi. Laifin tudu ne muke taka wa gangare.

Garin nan da muke zaune ya san darajar nas. A 2003, lokacin cutar SARS, akwai Ye Xin, shugabar nas-nas ta sashen gaggawa a asibitin maganin gargajiya na lardin Guangdong. Ta kamu da cutar wajen ceton marasa lafiya, ta rasu ranar 25 ga Maris na shekarar. Bayan rasuwarta aka ba ta lambar yabo ta Florence Nightingale, aka kuma gina mata mutum-mutumi a asibitin. Mu fa? A 2014 da Patrick Sawyer ya shigo Legas da Ebola, kowa ya riƙe sunan Dakta Stella Adadevoh, kuma ta cancanta. To wa ke tuna Justina Ejelonu, nas ɗin da ta yi jinyarsa ita ma cutar ta kashe ta? Ku tambayi mutum goma a masallacin Juma'a, ku gani ko za a samu ɗaya.

Sannan akwai abin da ba mu son a tuna. A Afrilun 2020 an wulaƙanta baƙar fata a Guangzhou, an kore mu daga gidajen haya da otal, wasu sun kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai Femi Gbajabiamila ya kira jakadan Sin a Abuja ya nuna masa bidiyo. Zalunci ne, kuma ba zan daina faɗa ba. Amma a farkon wannan watan wani ɗan Najeriya mai cutar korona ya doki wata nas ya cije ta a fuska a Asibiti na Takwas, don ta hana shi fita daga inda aka killace shi. Laifinsa bai halatta abin da aka yi mana ba. Sai dai a duk zaurukan WhatsApp da nake ciki, bidiyon korarmu ya zagaya sau ba adadi, ban ga mutum ɗaya da ya tambayi yadda matar nan ta kwana ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Mutumin da zai rantse namiji ba zai duba matarsa ba, shi ne kuma zai ce ɗiyarsa ba za ta karanta aikin jinya ba, wai aikin dare, wai kwasar kashi, wai ba a auren nas. To ɗiyar wa kake so ta karɓi haihuwar matarka? Kowace Juma'a muna cika masallacin da ake danganta wa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, muna alfahari da tarihin sahabbai. A cikin tarihin nan akwai Rufaida al-Aslamiyya, wadda ke da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) tana jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Handak. Mun fi su kishi ne?

Muna wannan raini, su kuwa suna tafiya. A farkon 2024 magatakardan hukumar nas-nas da ungozoma ta Najeriya ya ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ingila da Saudiyya da Kanada suna ta kwasa. Mu da muke waje mun fi kowa sanin dalilin barin gida, don haka kada mu yi musu gori. Mu tuna kawai cewa iyayenmu da muka baro a Fagge da Katsina da Maraɗi, hannun waɗanda suka rage za su faɗa.

Ba furanni nake roƙa ranar 12 ga Mayu ba. In ka kira gida mahaifiyarka na kwance, ka ce wa ƙannenka su yi wa nas magana kamar yadda kake yi a nan. In kana cika kwantena, ka ware kwali biyu na safar hannu da na'urar awon hawan jini ka aika asibitin unguwarku, a garin nan araha ne. In ɗiyarka ko ƙanwarka ta ce jinya take so, ka biya mata kuɗin makaranta kana alfahari. In kuma ka ga an ɗaga wa nas hannu, kada ka shiga sahun masu ba da haƙuri, ka tsaya shaida.

Alhaji an sallame shi, ƙafa ta sace, jibi zai hau jirgi. Na ce masa ya haɗa da ladabin nan a cikin kayansa, kwastan ba sa karɓar haraji a kansa.