Filin Wasa Ma Aji Ne

A shekarar 1978 aka yi gasar wasannin makarantun horon malamai a Sakkwato. Cikin 'yan Legas akwai wani dogon yaro ɗan ƙwallon hannu, aka ja shi ya gwada ƙwallon kwando. Sunansa Hakeem Olajuwon. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston ta Amurka, daga bisani ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. Abin lura shi ne, a gasar makarantu aka gano shi.

To, yaran Boɗinga da na Shagari fa, wa zai gano su? Duk wanda ya halarci dandalin kokawa da kaka ya san ƙarfi da zafin nama ba su yi mana ƙaranci ba. Tsari ne muka rasa.

A ganina, ya kamata kowace makarantar sakandare ta sami malamin wasanni, ta riƙa shirya gasa kowace shekara, a kuma rubuta bajintar kowane yaro a littafi, gama jami'a ba ta aiki da labarin baka. Sa'an nan a kai zakaru filin wasa na Giginya, a gayyato masu horar da 'yan wasan Jami'ar Usmanu Danfodiyo su gani da idonsu.

Amma fa ɗalibai su sani, gudu ba ya maye gurbin jarrabawa. Sai wanda ya ci ta, ya shiga jami'a, zai taka filin gasar NUGA. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.