Baƙin Man Motar Dizel: Araha Ba Ta Ado

Duk wanda ya leƙa Ƙauyen Kanikawa na Apo da ke Abuja da hantsin ranar Asabar, zai tarar da magidanta sun jera motocinsu suna jiran a yi musu juye. Yawanci cinikin ba ya wuce kalmomi kaɗan. Mai mota ya miƙa kuɗi, bakanike ya aiki yaronsa, yaro ya dawo da galan, a ɗiga man a yatsa a murza, in an ji kauri sai a ce mai kyau ne. Da wuya a ji mai mota ya tambayi lambar da ke jikin galan ɗin, ko wurin da aka sayo shi. Alhali kuwa wannan ɗan gajeren ciniki shi ne ke yanke wa injin motar dizel yawan shekarun da zai yi yana aiki.

Al'amarin ya ƙara nauyi tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni. Inji da kayan gyaransa daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje ake biya. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da Prado, ko Hilux, ko Sharan, ko Peugeot mai shan dizel, motar ita ce jari mafi girma bayan gida. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai iyali Kano ko Sakkwato da Sallah. Wanda injinsa ya buga a yau, sau da yawa ajiye motar yake yi sai abin da hali ya yi.

Lissafin kuwa a fili yake. A ɗauka mota tana cin kilomita 20,000 a shekara, tana shan lita 9 ta dizel a kowane kilomita 100. Ke nan za ta ƙona lita 1,800. In ana yi mata juye duk bayan kilomita 5,000, kuma injinta na ɗaukar lita 6, baƙin man da za ta buƙata a shekara lita 24 ne kacal. Duk ragin da mutum zai samu ta hanyar sayen mai maras asali, a kan waɗannan lita 24 zai same shi. Abin da ya jefa cikin haɗari kuwa shi ne injin gaba ɗaya. Babu ɗan kasuwar da zai yarda da irin wannan ciniki a kantinsa, amma da yawa suna yarda da shi a gareji.

Dalilin da ya sa injin dizel ba ya jure kowane irin mai shi ne yadda yake aiki. Ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi. Matse iska yake yi har ta yi zafin da dizel zai kama da kansa. Wannan matsi ya zarce na injin fetur nesa ba kusa ba, kuma ƙonewar tana barin baƙin hayaƙi mai yawa da ke gangarawa cikin mai. Haka nan sinadarin salfa, wato farar wuta, da ke cikin dizel, in ya ƙone ya haɗu da danshi sai ya zama asid mai cin ƙarfe. Saboda haka ne ake zuba wa man dizel sinadarai na musamman: wasu su riƙe dauɗar hayaƙi kada ta dunƙule, wasu su kashe kaifin asid, wasu su hana ƙarfe cin ƙarfe. Waɗannan sinadarai su ne mai saye ke biya wa kuɗi, kuma yatsa ba ya jin su. Don haka ma man dizel da ya yi baƙi jim kaɗan bayan juye ba alamar lalacewa ba ce, aikinsa yake yi.

Abubuwa biyu ne ya kamata a karanta a jikin galan. Na farko lambar kauri, irin su 15W-40 ko 5W-30. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudana in inji ya yi sanyi, ta biyu kuma kaurinsa in inji ya ɗau zafi. Na biyu shi ne matsayin inganci. A tsarin API na Amurka, harafin S na injin fetur ne, harafin C kuma na dizel. An fito da CH-4 a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, sannan CK-4 a ƙarshen 2016. Galan ɗin da ke ɗauke da S kaɗai bai dace da motar dizel ba, komai sunan kamfanin da ya yi shi. Ƙasashen Turai kuma suna da nasu tsarin na ACEA, inda za a ga A3/B4 ko C3. Wasu kamfanonin mota ma suna da lambarsu, kamar 507.00 ta Volkswagen da 229.51 ta Mercedes-Benz. Lambar da injin ke buƙata tana cikin littafin motar, in kuwa littafin ya ɓace, wakilin kamfanin zai iya gano ta daga lambar jikin motar.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar kauri a matsayin inganci. Hujjar kanikawa ita ce zafin ƙasar nan, kuma gaskiya ne a watannin Maris da Afrilu zafin Abuja kan doshi digiri 40. Ga tsohon inji irin na Peugeot 504, wanda sassansa suka saki, 15W-40 na iya zama daidai. Amma injunan zamani masu turbo an ƙera su da ƙananan hanyoyin mai, kuma mafi yawan cin da ƙarfe ke yi yana faruwa ne a daƙiƙun farko bayan an tayar da mota, kafin mai ya isa ko'ina. Mai da ya yi kauri fiye da kima yakan makara, ya kuma ƙara wa mota shan dizel. Zafin cikin inji na'urar sanyaya shi ce ke daidaita shi, ba a maganinsa da ƙarin kauri.

Motocin Kwatano na baya-bayan nan suna da tasu matsalar. Tun daga 2009, lokacin da ƙa'idar Euro 5 ta fara aiki, kusan duk ƙaramar motar dizel da aka sayar a Turai tana da matatar hayaƙi a cikin salansa. Irin wannan matata tana toshewa da tokar da man gargajiya ke bari, shi ya sa aka tanadar mata mai mai ƙarancin toka, wato rukunin C na ACEA. Sai dai wannan mai an tsara shi ne don dizel ɗin Turai, wanda salfarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, don haka ƙarfinsa na kashe asid bai kai na A3/B4 ba. Wajibi ne mai irin wannan mota ya tabbatar ko matatar tana nan, ya kuma sani cewa tazarar juye ta kilomita 20,000 ko 30,000 da ke cikin littafin Turai ba da hanyoyin Nijeriya aka rubuta ta ba.

Batun salfa kuwa tsohon ciwo ne. Shekaru da dama doka ta yarda a sayar da dizel mai salfa har kashi 3,000 cikin miliyan a ƙasar nan. Bayan rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a watan Satumba na 2016, Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa sun amince a wani taro a Abuja, cikin Disamba na wannan shekarar, su rage adadin zuwa kashi 50. Aiwatarwa ta yi ta samun jinkiri. A watan Yuli na 2024 ma an yi musayar yawu a bainar jama'a tsakanin matatar Ɗangote da hukumar NMDPRA kan wane dizel ne ya fi salfa, na gida ko na waje. Darasin ga mai mota shi ne, a bakin famfo ba shi da hanyar sanin abin da ake zuba masa. In aka haɗa wannan da ƙurar hunturu, da cunkoson hanyar Nyanya da Mararaba ko ta Kubwa inda inji ke aiki mota na tsaye, za a ga hikimar taƙaita tazarar juye da sauya matatar mai a kowane karo.

Ko da mutum ya san lambar da yake nema, sauran aiki shi ne samun mai na gaskiya. A 1983 aka buɗe sashen sarrafa tushen baƙin mai a matatar Kaduna, amma ya shafe shekaru ba ya aiki, saboda haka masana'antun cikin gida sun dogara ga shigo da shi daga waje. Tsadar da ta biyo baya ta buɗe ƙofa ga masu sayar da tushen mai zalla ba tare da sinadarai ba, da masu tace tsohon mai su ɗura a galan ɗin da aka tsinto. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana irin wannan kasuwa a 1970: in mai saye ba zai iya bambance mai kyau da maras kyau ba, farashi kawai zai duba, daga nan sai jabu ya kori na ƙwarai. Wanda ke fara yin asara shi ne mai masana'antar da ya biya kuɗin lasisi da na sinadarai.

Za a iya cewa halin matsi ne ke tura jama'a ga man awo, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma zaɓin ba tsakanin mai mafi tsada na ƙasar waje da man awo yake ba. Akwai masana'antu masu lasisi a Kano da Ilori da Legas da ke haɗa man dizel bisa ƙa'ida a farashi mai sauƙi. Ga injin da littafinsa ya ce 15W-40 mai matsayin CI-4, irin wannan mai ya wadatar, muddin ana juye a kan kari.

Saboda haka ya kamata magidanci ya sayi mansa da kansa, a gidan mai ko wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, ya duba hatimin murfi da tambarin hukumar SON, ya karɓi rasit, ya tsaya a buɗe galan a gabansa, sannan a huda shi bayan an gama don kada ya koma kasuwa. Ya kuma riƙa rubuta kwanan wata da kilomita, domin wannan takarda tana ƙara wa mota daraja ranar sayarwa. Kamfanoni masu motoci da yawa su ƙulla yarjejeniya kai tsaye da masana'anta. Hukumomin SON da NMDPRA kuwa, bai isa su tsaya ga kame lokaci-lokaci ba. Kamata ya yi su riƙa ɗibar samfur a Apo da Zuba suna gwadawa, su buga sakamakon da sunayen kayan a jaridu, har da na Hausa. Ƙungiyoyin kanikawa su ma suna da haƙƙin koya wa yaransu karanta lambobin nan, tunda a bakinsu yawancin masu mota ke jin shawara.

Kafin hukuma ta yi nata, mai mota na da abin da ba ya buƙatar izinin kowa: ya buɗe littafin motarsa, ya kwafi lambobi biyu a takarda, ya ajiye ta kusa da lasisin tuƙi. Ranar juye ta gaba, ita zai fara miƙa wa bakanike kafin kuɗi.