Karatun Lauya da Rikicin Gonakin Gado a Arewacin Kano

A ƙananan hukumomin Dambatta, Makoɗa, Bichi da Minjibir, gona ɗaya takan rabu gida goma idan an zo rabon gado, daga nan kuma shari'a ta taso tsakanin 'yan'uwa. Irin wannan rikici yana da fuska biyu: rabon gado na shari'ar Musulunci ne, izinin mallakar fili a karkara kuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora shi a hannun ƙaramar hukuma.

Don haka muke ganin digirin Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, shi ya fi dacewa da yaranmu. Shekara biyar ake yi, sannan shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda ke da reshe a Bagauda.

Difloma daga Kwalejin Aminu Kano tana buɗe ƙofar jami'a, amma ita kaɗai ba ta mai da ɗalibi lauya. Wajibi ne iyaye su san wannan bambanci kafin su sayar da amfanin gona, shugabannin ƙananan hukumomi kuma su tallafa wa ɗalibi har ya kammala matakin ƙarshe.