MURAR ALADU: AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a bakin kasuwa da zaurukan gari duk sa'ad da aka ambaci murar aladu, wai "mu da ba mu cin alade, ba mu kiwonsa, ina ruwanmu?" Mun ji ta daga bakin jahili, mun kuma ji ta daga bakin masu manyan riguna waɗanda ya kamata a ce sun fi haka sani. To, mu dai mun ce maganar banza ce, irin wadda ke kai mutum kabari.

Ga yadda abin yake. Cutar nan ta ɓulla a Meksiko da Amurka cikin watan Afrilu na 2009, likitoci suna kiran ƙwayarta H1N1. An laƙa mata sunan alade domin daga jikinsa ƙwayar ta fito, amma tun da ta shiga ɗan Adam ba ta buƙatar alade don ta yaɗu. Daga mutum take bi zuwa mutum, ta tari, da atishawa, da hannun da ya fyace majina sa'an nan ya gaisa da wani. Cin naman ba ya kawo ta, ƙin cinsa kuwa ba ya hana ta. Ran 11 ga Yuni 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa annoba ce ta game duniya, ba ta janye ba sai Agusta 2010. Waɗanda aka auna aka tabbatar ita ta kashe su wajen 18,500 ne, amma masana a Amurka da suka yi lissafi daga baya sun ce a shekarar farko kaɗai mamatan suna tsakanin 151,700 da 575,400, mafi yawansu ba su kai shekara 65 ba.

Ku dubi abin da mahukuntan Masar suka yi. A ƙarshen Afrilun 2009, tun ba a sami ko mutum guda mai ciwon a ƙasar ba, sai gwamnatin Husni Mubarak ta ba da oda a karkashe aladun ƙasar kaf, wajen 300,000. Na su wane ne? Na talakawa ne masu kwasar sharar birnin Alƙahira, galibinsu Kiristoci Kibɗawa, waɗanda ke ciyar da dabbobin da ragowar abincin da suka tsinto a juji. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kuskure ne, aka yi kunnen uwar shegu da ita. Ina amfanin da aka samu? Farkon watan Yuni ciwon ya shigo Masar, a jikin wata yarinya da ta sauka daga jirgin sama daga Amurka. Aladu sun ƙare, abincin talaka ya ƙare, shara ta taru a titunan Alƙahira tana wari, mura kuwa ta ci gaba da harkarta. Ba mu yi mamaki ba, gama yanka dabbar matalauci ya fi sayen magani araha ga mai mulki, ga shi kuma ana ganin kamar yana aiki.

Wanda bai gamsu ba ya dubi Saudiyya, inda ba a kiwon alade ko ɗaya. Ciwon ya shiga can, har a aikin Hajjin 2009 aka shawarci tsofaffi da yara da mata masu ciki da masu daɗaɗɗen ciwo su dakata sai wata shekara.

Ƙwayar fa ba ta tafi ba. Ta zauna cikin murar da ke zagayowa kowace shekara, tana kuma cikin waɗanda allurar rigakafin mura ta shekara-shekara ke tsarewa. Alamunta zazzaɓi, da tari, da ciwon maƙogwaro, da ciwon kai da na gaɓoɓi, wani lokaci da amai ko gudawa. Yawancin mutane suna warkewa cikin mako guda in sun kwanta a gida, sun sha ruwa da yawa, sun sha farasitamol saboda zafin jiki. Kada a ba yaro asfirin. Kada kuma a zubar da kuɗi wajen mai tallan magani a kan kafso mai ja da rawaya, domin irin su fenisilin ba su taɓa ƙwayar mura ko kaɗan. Maganin da ke taɓa ta shi ne irin su Tamiflu, ya fi aiki kuwa in an soma shi cikin kwana 2 na farko. Mace mai ciki, da jariri, da tsoho, da mai asma ko ciwon sukari ko na zuciya, kada su jira. Haka duk wanda numfashi ya yi masa wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko zazzaɓi ya sauka ya dawo da ƙarfi, a kai shi asibiti nan take. Mai tari ya rufe bakinsa, kowa ya wanke hannu da sabulu.

Abin da muke nema ga mahukunta ke nan: a sa masu shela da gidajen rediyo su faɗa wa talakawa wannan da harshen da suke ji, a kuma ajiye maganin da allurar a asibitocin ƙauye, inda mace mai ciki za ta iya isa da ƙafarta kafin kwana biyun nan su cika.