JIRGIN FITO MA YANA BUKATAR MAKARANTA

Wataƙila mai karatu ya tambaya, me ya haɗa 'yan Mahuta da zancen jirgin ruwa? Garinmu kan tudu yake, a Ƙaramar Hukumar Fakai ta ƙasar Zuru, abin da muka gada kuwa noma ne da aikin soja. To, amma hanyar da ta fita daga Mahuta ta bi ta Koko, ita ce ke kai mutum Yelwan Yawuri, bakin Kogin Kwara. Ta nan 'yan kasuwarmu ke kai hatsi su komo da busasshen kifi. Can ake tura malamanmu na firamare da ma'aikatan lafiya, wasu har cikin gungu. Kowane ɗalibin da ke riƙe da wannan mujalla, gobe yana iya samun takardar canjin wurin aiki zuwa Shanga ko Ngaski. Saboda haka lafiyar jirgin fito ta shafe mu, kuma muna da ta cewa.

Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya nufi Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ya tsage a tsakiyar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwan cikin gida, watau NIWA, ta ce mutum wajen 180 ne a ciki. Waɗanda suka tsira ba su fi 20 da 'yan kai ba, gawawwakin da aka tsamo kuwa sun haura 70. Ran 30 ga Nuwamba na wannan shekara, a Bagwai ta Jihar Kano, wani jirgin ya kife da ɗaliban Islamiyya, mutum 29 suka rasu. A watan Yuni, 2023, 'yan ɗaurin aure fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi ta Jihar Kwara. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Duk lokacin da haka ta auku, sai manya su zo jaje, a raba rigunan ceto a gaban masu ɗaukar hoto, a ce ƙaddara ce, a watse. Mu ma mun yarda da ƙaddara. Amma imani da ita bai hana mu kafa makarantar koyon jinya ba, bai kuma hana mu tilasta wa direban mota yankar lasin ba. Ra'ayinmu shi ne, babban abin da ya rage a bakin ruwanmu horo ne, kuma muddin ba a kafa wurin horon a inda masu fito suke ba, to, za a yi ta zuwa jaje.

Kada wani ya ɗauka muna raina Gungawa da Sarkawa da sauran mutanen ruwa. Tun kafin Mungo Park ya halaka a duwatsun Busa cikin 1806, kakanninsu ke ratsa wannan kogi da sanda da filafili. Sai dai ruwan da suka gada ba shi ne na yanzu ba. Da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, ruwa ya cinye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum wajen 44,000, kogi ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Tafki mai faɗi yana tara igiyar ruwa idan hadari ya taso, musamman a farkon damina. Ba dukan itatuwan da ke wurin aka sare ba kafin ruwa ya rufe su, ga shi kuma tafkin yana hawa yana sauka kowace shekara, har kututturen da ke can ƙasa a watan Janairu ya zo dab da cikin jirgi a watan Yuni. Daɗin daɗawa, ƙaramin kwale-kwale ya zama dogon jirgi mai inji, mai ɗaukar mutane da buhuna da babura. Ruwa ya sāke, jirgi ya sāke, koyon tuƙi kuwa yana nan yadda yake, yaro ya bi ubansa ko maigidansa har ranar da za a miƙa masa inji.

Bari mu duba yadda masu jiragen teku suka yi da irin wannan matsala. A Ingila ta ƙarni na 19, masu jirage kan yi musu lodin da ya fi ƙarfinsu, su tura su teku, ma'aikata su yi ta mutuwa. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta fafutuka har aka yi doka cikin 1876 cewa a zana layi a jikin jirgi don nuna iyakar lodinsa. Idan ruwa ya rufe layin, lodi ya wuce kima, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gani da idonsa. Bayan nutsewar Titanic cikin 1912, inda mutum wajen 1,500 suka rasu, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kiyaye rayuka a teku, watau SOLAS, cikin 1914, aka sabunta ta cikin 1974. Cikin 1978 kuma aka yi yarjejeniyar STCW, wadda ta tsara irin horon da za a ba kyaftin da injiniya da sauran ma'aikata kafin a ba su satifiket.

Amma doka a takarda ba ta hana jirgi kifewa. Jirgin Le Joola na gwamnatin Senegal, wanda aka ƙera domin mutum ƙasa da 600, ya kife a gaɓar Gambiya ran 26 ga Satumba, 2002, mutum 1,863 suka halaka, fiye da na Titanic. Abin da ke ceton rai shi ne mutumin da aka horar, wanda ke tsaye a bakin jirgi, yana da ikon cewa ya isa haka.

Nijeriya ba ta rasa makarantun wannan fanni ba. Akwai Makarantar Horon Ma'aikatan Jiragen Ruwa ta Oron a Jihar Akwa Ibom, wadda ta samo asali tun ƙarshen shekarun 1970, akwai kuma Jami'ar Harkokin Teku ta Okerenkoko a Jihar Delta, wadda ta fara karatu cikin 2018. Cikin 2023 aka kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku. Sai dai duk waɗannan fuskarsu teku take kallo. Su kansu yarjejeniyoyin SOLAS da STCW sun keɓe jiragen katako na gargajiya, ba su hau kansu ba. Watau jirgin da ke ɗaukar fetur daga Boni yana da ka'ida a kan kowane ma'aikacinsa, jirgin da ke ɗaukar mata da yara zuwa kasuwar Wara kuwa an bar shi da Allah da sa'a. Gaskiya ne ka'idojin NIWA sun hana tafiyar dare, sun wajabta sa rigar ceto, hukumar kuma tana da ofishi a Yawuri. To, wane ne ya zaunar da matuƙi ya koya masa dalilin ka'idar?

Ga abin da muke kira a yi. Gwamnatin Jihar Kebbi, da haɗin guiwar NIWA da Masarautar Yawuri, ta buɗe cibiyar horon masu fito a Yelwa. Kada a nemi sakamakon jarrabawar sakandare, kada a yi karatun da Turanci. Kwas ne na 'yan makonni, cikin Hausa, a bakin kwata. Sarakunan ruwa su koyar da hanyoyin tafkin da alamun iska, waɗanda suka fito daga Oron da malaman Kwalejin Kiwon Kifi ta Sabon Busa su koyar da sauran. A nuna wa matuƙi dalilin da ya sa jirgi ke saurin kifewa idan nauyi ya taru a sama, da yadda ruwan da ya shiga ciki ke gangarawa gefe ɗaya ya ƙara karkata shi, da haɗarin da ke cikin fasinja su miƙe su koma ɓangare guda lokacin firgita. A koya masa duba katako da ƙusa, da gyaran inji, da taimakon farko ga wanda aka tsamo. Wanda ya gama a ba shi lasin, wanda ba shi da lasin kada ya ɗauki fasinja.

Na biyu, a kawo layin Plimsoll bakin Kwara. Jami'i ya auna kowane jirgi, a zana masa layin lodi da fenti, a rubuta lambarsa da yawan mutanen da zai ɗauka. A kuma riƙa rubuta sunayen fasinja kafin a tashi, kamar yadda ake yi a tashar mota, gama abin kunya ne a ce bayan haɗari ba wanda zai iya faɗin mutum nawa ne a ciki sai dai kintace.

Na uku, kayan zamani sun yi arahar da za su iso gare mu. Na'urar auna zurfin ruwa da amo, da wayar hannu mai nuna wuri ta tauraron ɗan Adam, sun isa a yi taswirar kututture da tudun yashi, a sa musu alama da tankuna masu iyo. Hasashen iska na hukumar NiMet yana iya isa kowace kwata ta rediyo da saƙon waya. Wannan aiki ne da ɗaliban injiniya da na labarin ƙasa a Aliero da Birnin Kebbi da Sakkwato za su iya ɗauka a matsayin bincikensu na shekarar ƙarshe, maimakon kundin da zai ƙare cikin ƙura.

Za a ce mai jirgi talaka ne, tun da aka janye tallafin fetur cikin 2023 kuma, idan bai cika jirgi maƙil ba ba zai mai da kuɗin mai ba. Wannan magana ce mai nauyi, ba mu yar da ita ba. Saboda haka muke cewa horon ya zama kyauta, a tsai da kuɗin fito da shawarar ƙungiyar masu jirage, a kuma ba wanda ya yi kwas rancen sabon jirgi ko inji. Idan ka'ida ta hau kan kowa, ba wanda zai ci riba da yi wa ɗan'uwansa wayo da lodi.

Daga ƙarshe, ga 'yan'uwanmu matasan ƙasar Zuru. Iyayenmu sun yi suna a aikin soja domin sun jure horo, sun bi oda. Wannan halin shi aikin jirgi ke bukata. Ya kamata hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ta ware gurabe na Oron kowace shekara, da sharaɗin wanda ya gama ya dawo ya yi 'yan shekaru a bakin Kwara, mu kuma mu nema. Ku kuwa matasan ma'aikata, takardun da Kwamishina ke sa wa hannu ta teburinku suke bi. Ku rubuta wannan shawara, ku sa ta cikin kasafin kuɗin baɗi, ku bi sawunta. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye matafiya, na tudu da na ruwa, amin.