Uwargida, Mu Kai Yara Bakolori

Idan hutun Sallah ya kai ki Ruwan Gizo ganin dangi, kada yara su ƙare kwanakinsu a tsakar gida. Ki roƙi maigida ya kai ku madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato. Su ga masunta cikin kwalekwale, su ga ruwa yana bin magudanai zuwa gonakin shinkafa na Mafara da Bakura. Ɗan birni ai shinkafa a buhu kawai ya sani. Ki riƙe hannun autanki sosai, bakin magudanar akwai santsi. Kafin ku fita, ku tambayi mutanen gari lafiyar hanya saboda 'yan bindiga. In sun hana, ku haƙura. In an je, a dawo kafin la'asar.